Dattijo Bai Bar Baya Ba

Litinin, 3 ga Afrilu, da hantsi

A shaida, a kuma sanar da duk wanda abin ya shafa: yau da safe, da ƙusa da guduma, ni da kaina na ƙara wa bel ɗina huda guda. An yi taro an tashi lafiya. Ba a gayyaci Gwamnati ba, wato matata, domin ita ba ta iya ganin abu ta bar shi a matsayinsa na abu, sai ta mai da shi tambaya.

Daga nan na wuce gandun daji na gaida Dattijo. Shekara ashirin da ɗoriya ina aiki a gandun nan, ban taɓa shiga ofis ban fara biyawa ta wajensa ba. Maɗaci ne, mafi tsufa a dajin. Cikinsa ya zama kogo, rabin kansa ya bushe tun bara. Amma bana ya yi 'ya'ya kamar wanda aka raɗa wa cewa gobe za a tashi kasuwa. Ƙwallaye sun cika sama, kowanne kamar dunƙulen hannu. Nan da 'yan makonni za su tsage, iri ya zubo, fale-fale mai fiffike. Irin maɗaci kuwa ba ya jira. In bai sami ƙasa da haske ba kafin damina ta kankama, ya mutu.

Ƙasar kuma tana da mai ita. Dalbejiya.

Talata, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Ni Baƙuwa nake kiranta. Magabatanmu a aikin nan ne suka ɗauko ta daga wata nahiya, suka jera ta a bakin hanyar ofis don su sami inuwar jingine keke. Mutanen kirki ne, Allah ya jiƙansu. Sauran aikin jemagu ne suka karɓi kwangilarsa: su ci 'ya'yanta a bakin hanya, su zo su rataya a jikin Dattijo, su sauke kayansu. Shi ya ba su masauki, su kuma suka shuka masa magada a gindi.

Na karanta tarihin dauloli iya karantawa. Wasu sun ci ƙasa da takobi, wasu da ciniki, wasu da wa'azi. Ban ga wadda ta ci ƙasa da kashin jemage ba sai wannan.

Ka shiga dajinmu ka ɗaga kai, sai ka ce lafiya lau: ga kawo, ga maje, ga marke, ga kanya. Ka sunkuya ka ga gaskiya. Daga gwiwarka zuwa tsawon soro, Baƙuwa ce kawai, kafaɗa da kafaɗa. Ganyenta ba ya zuba ya ba ƙasa haske, saiwarta ba ta barin raɓa. Gida ne cike da tsofaffi, kuma duk yaran da ke wasa a tsakar gidan na baƙi ne.

Mun sha renon maɗaci a leda mu dasa. Kafin shekara inuwa ta shaƙe shi. Yanzu ma famfon wurin renon ya mutu, an ce ana duba maganar.

Laraba, 5 ga Afrilu, da yamma

Zama da Shugaba, mai riƙe da gandun. Sa'ar 'yata ce, ta fi ni takardu, kuma abin haushin shi ne ta karanta su. Tana kirana Baba. Ni kuma ina ce mata ranki ya daɗe, da wata irin murya da na san ta gane.

Hanyarta ita ce zobe. A ɓare ɓawon Baƙuwa a zagaye, a bar ta a tsaye tana bushewa a hankali, duk tohon da ya fito ƙasan zoben a kankare shi. Haske ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake buɗe wa marar lafiya taga. Tun bara ta fara a wani ɗan zirin wuri yamma da Dattijo. Na je na gani. Itatuwa ne tsaye kamar masu zaman makoki, ba su mutu ba, ba su rayu ba.

Na tambaye ta sai yaushe. Ta ce shekara biyar.

"Ranki ya daɗe, Dattijo ba shi da shekara biyar."

"Ta yiwu yana da su, Baba, in ba a taɓa shi ba."

Na ce ba shi da su. Ina jin na faɗa da ƙarfi, don ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce na rame. Na ce wanki ne ya buɗe rigar.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da safe

Asibiti. Layi. Ba komai.

Asabar, 8 ga Afrilu, da rana

Gwamnati ta tsinci ƙusar a kan taga. Ta kawo ta falo a tafin hannu kamar ɗan sanda ya kama makami. Na ce hoto zan rataya. Ta ce wane hoto, a gidan da na shekara goma ina alkawarin gyara ƙugiyar labule.

Ta zuba mini abinci, ta zauna tana kallon cokalina. Na ba ta labarin jemagu don in ɗauke mata hankali. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita tunda ta aure ni take zaune da mutum biyu, ni da wani itace, kuma itacen ya fi ni faɗa mata halin da yake ciki.

Na ci rabi. An karɓi rabin ba tare da godiya ba.

Litinin, 10 ga Afrilu, da hantsi

Shugaba ta tafi kwas na mako biyu. Ni ne riƙon ƙwarya. Tana shiga mota ta leƙo ta ce, "Baba, amanar Dattijo." Na ɗaga mata hannu.

Ƙwallo na farko ya tsage yau. Na tsaya na ga irin yana saukowa yana juyi. Ya maƙale a ganyen Baƙuwa, ko ƙasa bai taɓa ba.

Talata, 11 ga Afrilu, da yamma

Na zauna na yi wa kaina shari'a, ni ne alƙali, ni ne lauya. Iri yana buƙatar haske bana, ba baɗi ba. Zobe ba zai ba shi ba. Zarto zai ba shi a kwana uku. Duk tsofaffin littattafan da na taso da su haka suka ce: a buɗe sama, ƙasa za ta amsa. Gaskiya ne waɗanda suka rubuta su ba su san Baƙuwa ba, a lokacinsu tana bakin hanya tana yi wa keke inuwa. Lauyan ɗaya ɓangaren ya so ya tsaya a kan wannan, alƙali ya ce ya zauna.

Na aika a kira Mai Zarto.

Laraba, 12 ga Afrilu, da safe

Mai Zarto ƙato ne, injinsa ya cinye masa kunne ɗaya, saboda haka duk hira da shi kamar kiran mutum ne daga hayin kogi. Malam Ƙamus yake ce mini, wai ban taɓa ba shi amsa da kalma ɗaya ba in akwai goma.

Na nuna masa: gabas, kudu, arewa, duk wata Baƙuwa da ke kewaye da Dattijo a kwantar da ita, a kwashe, a sassabe ƙananan. Zirin yamma na Shugaba ne, kada ya taɓa. Itacen da aka sare ya ɗauka duka, ladansa ke nan. Har ya lashi baki, sai kuma ya tambaya ko Madam ta sani.

"Ni ne Madam har ta dawo."

Ya yi dariya har da dafa itace, ya ce to Madam ta yi furfura.

Juma'a, 14 ga Afrilu, da la'asar

An gama. Ban san dajin nan yana da sama ba sai yau. Rana ta sauko har gindin Dattijo, wurin da ba ta taka ba tun ina da baƙin gashi. Ƙasa ja, a share, kamar tsakar gidan da ake jiran baƙi. Iska ta ɗan kaɗa, ƙwallaye suka yi ta fashewa a sama, iri ya yi ta saukowa yana juyi a cikin haske, ya sauka a kan hulata, a kafaɗata, a ƙasa. A ƙasa!

Na zauna a kan kututture har ma'aikata suka watse. Na manta da komai, har da abin da ba na mantawa da shi.

Litinin, 17 ga Afrilu, da safe

Asibiti. Likita ya daɗe yana juya takarda kamar mai neman inda aka ɓoye labari mai daɗi. Ya ce in na tashi dawowa in zo da wani na gida. Na ce gida duk suna da aiki.

Laraba, 19 ga Afrilu, da rana

Babu ruwa. Hadari ya haɗu jiya, ya yi mana gwalo, ya wuce.

Ƙasar da na share ta yi zafin da ba a taka ta da silifa. Na ɗauki iri guda na murza, ya dagargaje kamar busasshen ganye. Tururuwa kuma sun buɗe hanya tun daga gindin Dattijo har wani rami, kowace ɗauke da fiffike, cikin tsari da ladabi. Da ma'aikatanmu na aiki kamar su, da tuni an gyara famfo.

Da saura a sama. Da saura da yawa.

Asabar, 22 ga Afrilu, da hantsi

Huda ta biyu. Wannan karon ba a yi sanarwa ba.

Litinin, 24 ga Afrilu, da yamma

Shugaba ta dawo. Na shirya jawabi mai sassa uku, da misalai. Ba ta ba ni damar karanta shi ba. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce daji, na bi ta a baya, ina tsayawa ina duba ganyen da ba ya buƙatar dubawa, don numfashi.

Ta tsaya a tsakiyar filin ta daɗe. Ta je ta duba zirinta, ta ga ba a taɓa ba. Ta dawo ta dafa wani kututture. Ni ma na gani, ba sai ta nuna mini ba: toho ya fito a kewayen bakinsa, jajaye-jajaye, cunkus, kamar an sa masa rawani. Na sare ɗaya, ga goma suna gaishe ni.

Ban ji faɗa ba. Da faɗan ta yi da na ji daɗi, na tanadi amsa. Ta juya ta fuskanci gabas, inda yanzu ake hango har hanyar ofis.

"Baba, iskar farkon damina daga ina take zuwa?"

Ni na koya wa rabin ma'aikatan gandun nan amsar wannan tambayar. Na ce saiwar Dattijo ta girmi kakan kakanta. Ta ce haka ne, amma shekara nawa rabon da iska ta same shi shi kaɗai? Baƙuwa ta hana shi 'ya'ya, ta kuma tsare masa baya, duka biyun take yi.

Da za mu koma ta rage sauri ta jera da ni. Ta ce in ina son hutu in ɗauka. Na ce ranki ya daɗe, hutu na zuwa, ba sai an cike masa takarda ba. Ba ta yi dariya ba. Yaran yanzu ba su san barkwanci ba.

Alhamis, 27 ga Afrilu, da safe

Gwamnati ta bi ni asibiti. Ban gayyace ta ba, na fito na same ta a bakin ƙofa da mayafi da jaka. Ita ta shiga wajen likita, ni aka bari a benci kamar yaron da aka kai ƙara makaranta.

Muka kamo hanyar gida. Ta riƙe mini hannu wajen tsallaka titi. Rabon da ta yi haka tun ba mu da kujeru.

Lahadi, 30 ga Afrilu, da asuba

Ruwa.

Juma'a, 5 ga Mayu, da hantsi

Tun daga nesa na hango filin ya yi kore shar. Na ƙara sauri, ni da sauri muka rabu tun watan jiya. Na durƙusa.

Ganyen jaririn maɗaci santsi gare shi, bakinsa a shafe, yana fitowa da ɗan ja. Na Baƙuwa bakinsa haƙora ne kamar zarto. Na bi da yatsa. Haƙora. Na matsa gaba da rarrafe. Haƙora. Ƙananan da muka sassabe ashe kansu kawai muka aske, saiwar na nan, shekara da shekaru suna zaune a duhu suna jiran wani wawa ya buɗe musu sama. Har daga jijiyoyin manyan da aka sare wasu ke ɓullowa, a jere, kamar an ja musu layi.

Na zagaye filin a kan gwiwa. Wani ma'aikaci ya wuce ya tambaya ko wani abu na yar. Na ce e.

Asabar, 6 ga Mayu, da rana

Haƙora.

Litinin, 8 ga Mayu, da yamma

Na ɗauki fartanya na koma da kaina. Ban yi nisan tabarma biyu ba na zauna. Dattijo yana tsaye a sama, ƙwallayensa duk sun buɗe baki, babu komai a ciki. Ya juye duk abin da ya tara a gabana, ni kuma na shimfiɗa masa kaskon suya.

Na ce masa ya yi haƙuri, akwai baɗi. Babu wanda ya yarda a cikinmu, ni da shi.

Alhamis, 11 ga Mayu, ban san lokaci ba

Asibiti sun riƙe ni. Gado na kusa da taga. A wajen tagar, don a cika mini wulaƙanci, dalbejiya ce.

Asabar, 13 ga Mayu, da la'asar

Jiya da yamma an yi iska. Ta ɗauke kwanon rumfar masu jinya, ta kashe wuta, ma'aikatan jinya suna ta rufe tagogi. Gwamnati tana ta addu'a. Ni ina kallon inda dalbejiyar taga take sunkuyawa. Yamma take sunkuyawa.

Ban tambayi kowa komai ba.

Lahadi, 14 ga Mayu, da rana

Mai Zarto ya zo dubiya da lemo a leda. Ya yi mini sannu da muryar da ta tashi duk ɗakin. Ya zauna yana murza hula, ya yabi gadon, ya yabi fankar. Can ya matso ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce, ya ce in an tashi ba da aikin yanka katakon, Malam Ƙamus ya sa baki a ba shi, shi ne na gida. Maɗaci irin wannan, ko da kogon, za a fitar da ƙofofi.

Gwamnati ta yi masa wani kallo. Ya dube ta, ya dube ni.

"Au, ba a faɗa masa ba?"

Na ce an faɗa mini yanzu. Na gode da lemo.

Laraba, 17 ga Mayu, da safe

An sallame ni, irin sallamar da ba a cewa an warke. Bel ya ƙare, babu sauran wurin huda. Gwamnati ta kawo wando mai mazagi, ta ɗaure mini da kanta. Na ce yanzu mulki ya koma hannunta gaba ɗaya. Ta ce da can a hannun wa yake.

Sai ta shiga kicin ta daɗe, famfo yana ta zuba.

Asabar, 20 ga Mayu, da yamma

Shugaba ta zo da motar ofis. Ban roƙa ba, Gwamnati ce ta kira ta. Suka sa ni a tsakiya kamar fursuna.

Dattijo ya faɗi yamma. Saiwarsa ta tashi sama da ƙasarta, ta fi ɗaki tsayi, ramin ya cika da ruwa. Gangar jikinsa ta kwanta a kan zirin Shugaba tun daga farkonsa har ƙarshe, ta murƙushe itatuwan zoben kamar karan dawa. Jemagu sun tashi. A filin da na share, Baƙuwa ta kai ƙwauri.

Gwamnati, wadda ba ta taɓa ganinsa ba sai a bakina, ta dafa ɓawonsa ta ce ashe haka yake da girma.

Na ce mu tafi. Shugaba ta ce akwai abin da take so in duba mata, don idona ya fi nata sanin maɗaci. Ƙarya take, amma ƙarya mai ladabi. Suka riƙe ni muka zagaya ta bayan rassan. Ta durƙusa ta ɗaga wani reshe.

'Yan tsiro suna nan a ƙarƙashi, a cikin ruɓaɓɓen ganye mai laima, inda inuwar zobe ta yi sirara. Kowanne bai fi yatsa ba. A kwance, a karye, sun fara baƙi. Na bi bakin ganye da yatsa. Santsi. Na taɓa na kusa da shi. Santsi, da ɗan jansa. Ta ce ranar Alhamis ɗin da aka kwantar da ni ta gan su sun fito, zirin duka, ta bari sai na samu sauƙi ta kawo ni in gani da idona. Washegari aka yi iskar.

Na tambaya ko akwai wanda ya tsira. Ta ce tana kan dubawa. Ta duba jiya, ta duba shekaranjiya.

"Baba, ka yi haƙuri."

Ita ke ba ni haƙuri.

Lahadi, 21 ga Mayu, da hantsi

Da yana da shekara biyar ɗin. Ni ne ba ni da su, na ɗora masa. Na yi kuskure.